Daminar da Baba Hammadu Ya Lulluɓe Bidi

A unguwar New Bell ta Duwala in ka ce kana neman Baba Hammadu, sai an tambaye ka wanne, domin akwai ladan, akwai mai gyaran rediyo. In ka ce Baba Hammadu mai doki, duk wanda ka tarar zai nuna maka lungun. Har yau da sunan ake kiransa, ko da yake shekara huɗu ke nan rabon gidan da doki. Turken yana nan a tsakar gida, ya yi sulɓi saboda gugar igiya. Matarsa Iyatu ta sha cewa a cire shi, tana tuntuɓe da shi in ta fito da kwanuka. Shi kuma kullum sai ya ce gobe.

Katangar kwano ce ta raba gidanmu da nasa. Abin da zan faɗa, wani a gabana aka yi shi, wani daga bakinsa na ji, wani kuma daga bakin Iyatu, wadda ba ta iya rage magana don a ji daɗi ba.

Baba mutumin wajen Tibati ne, can arewa, ubansa Bafillace, uwarsa Bahausa. A bargar wani attajiri ya tashi, inda mahaifinsa ke kula da dawaki. Yana ɗan shekara ashirin ya fara koro shanu zuwa kudu a ƙafa, tafiyar da ke cin fiye da wata. Da jirgin ƙasa ya kai Ngaundere sai ya koma rakiyar shanu a cikin tarago. Aikinsa shi ne ya tsaya a tsakiyarsu, duk wanda ya faɗi ya tayar da shi kafin 'yan'uwansa su tattake shi. A nan igiyar wani sa ta lanƙwasa masa yatsa biyu na hagu, har yau ba su miƙe ba. Ya zauna a Duwala, ya auri Iyatu, suka haifi uku. Biyu suka koma tun suna ƙanana, Hawwa kuma tana aure a Yawunde.

Dokinsa na farko bai shekara biyu a Duwala ba. Ya ce mini shi ya kashe shi da hannunsa, kuma da ƙauna ya kashe shi. A Tibati in sanyi ya sauko ana jefa wa doki bargo, da hantsi a cire. Shi ma da ya ga damina ta kankama, rana ta yi mako ba ta leƙo ba, doki yana ɗan rawar jiki da safe, sai ya yi yadda ya ga ubansa na yi. Bargon ya sha raɓa, ya sha gumi, bai taɓa bushewa ba. Kafin wata ya cika kirci ya kama bayan dokin, ciwon nan da ke sa gashi ya dunƙule ya ɓamɓare da fata. Ƙudaje suka bi, sauran kuma ba sai an faɗa ba.

Daga nan ya samo maganar da kowa ya san shi da ita: sanyin arewa iska ne, sanyin Duwala ruwa ne. Ba a rufe doki a garin da riga ke yin fumfuna a cikin akwati. Abin da ake yi, a gyara rufin barga kada ya yi yoyo, a zuba busasshen garin katako a ƙasa, a goge dokin da buhu safe da yamma har gashinsa ya tashi, sannan a ƙara masa dawa da dusa da ɗan kanwa. Yakan ce bargon doki a cikinsa yake. In ya ƙoshi, shi zai ɗumama kansa.

Bidi shi ne dokinsa na uku. Ya sayo shi ɗan mahuri, ko sirdi bai fara ɗauka ba, a Ngaundere, ya taho da shi a kusurwar taragon shanu, ya yi masa shinge da jikinsa har Duwala. Doki ne mai ruwan toka da ɗigo-ɗigo, mai faɗin ƙirji, ga haƙuri. Ana ɗaukarsa rakiyar ango, da Sallah kuma iyaye su ɗora 'ya'yansu a yi musu hoto. Dawa da harawa ba su yanke masa ba, domin duk zuwan Baba daga arewa da buhunsa yake saukowa.

A da masu doki a unguwar sun kai bakwai. Lokacin da nake magana saura uku. Akwai Baba. Akwai Alhaji Zailani, Babarbare, wanda kakansa ya zo daga Borno, yana da shagon yadi da barguna a kasuwar Mboppi. Akwai Jibirilla, haifaffen Duwala, ya yi makarantar Faransanci, yana aikin ofis a wani kamfani kusa da tashar jiragen ruwa. Shi goɗiya gare shi, ana ce mata Gunya, kuma duk abin da ya sani game da doki a wurin Baba ya koya.

Suna da wata al'ada da suka gada daga masu dokin farko. Kowace Juma'a bayan la'asar, kowa ya jawo dokinsa zuwa filin ƙofar gidan Alhaji Zailani. A zaga da su su miƙe ƙafa, a ɗaure, a zauna a sha shayi, kowa ya duba na kowa. In ba a ga dokinka ba, to ko dai ya kwanta ko ka sayar, kuma kafin magariba za a zo gidanka tambaya. A wannan zama ne duk damina ake tayar da gardamar bargo. Alhaji Zailani yana rufe nasa, yana da barguna dila guda, kullum a cire jiƙaƙƙe a sa busasshe. Baba ya ce wannan ba hujja ba ce, dukiya ce. Da yake tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, sai gardamar ta zama abin jira. Mutane kan zo don ita kawai.

A wannan filin ne kuma, shekaru kafin nan, Baba ya dubi dokin wani mahauci mai suna Haruna, ya ga ƙasusuwansa sun fito. A gaban jama'a ya ce masa wanda ba zai iya ciyar da doki ba, ba shi da haƙƙin riƙe shi. Haruna bai sake zuwa ba. Cikin mako biyu ya sayar. Kowa ya ce Baba ya faɗi gaskiya, maganar ta zama kamar doka.

Sai shekarun matsi suka zo. Ma'aikata aka rage, waɗanda suka rage aka rage musu albashi, mutane suka rage cin nama. Dillalin shanun da Baba ke yi wa aiki ya kira shi ya ce ƙafarsa ta yi nauyi, ya huta. Buhun da ke saukowa daga arewa ya tsaya. Angwaye suka daina neman doki. Baba ya koma kasuwar Sandaga yana taya masu masara da kabeji sauke kaya, da yamma ya tattaro ɓawo da ganyen da aka zubar ya kawo wa Bidi. Iyatu tana kunun sayarwa, dusar da ta fito duk ta dokin ce. Da haka aka lallaɓa shekara biyu.

A 1991 aka shiga abin da ake kira ville morte, wato mataccen gari. Gari a kulle yawancin mako, an tare hanyoyi da tayoyi da gumagumai, kasuwa ba ta ci sai ƙarshen mako. Motocin arewa suka yi wuyar gani. Dawar da ta samu isowa, tukunyar mutane ma ba ta ishe ta ba. Baba ya shiga yankan ciyawa a bakin kwatami da bayan gidaje, amma ciyawar Duwala a damina ruwa ce zalla, tana cika ciki ba ta riƙe jiki. Zuwa farkon watan Yuli, in Bidi ya ja numfashi kana iya ganin haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya.

Iyatu ta ce ranar Alhamis ce. Ana yayyafi, tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Baba ya daɗe tsaye yana shafa gefen dokin. Sai ya shiga ɗaki ya fito da bargon gadonsu, mai ratsin kore, wanda Hawwa ta aiko musu.

Ta ce, “Malam, ina za ka da shi?”

Ya shimfiɗa shi a bayan Bidi, ya ja shi har ya sauko ƙasa da ciki, ya ɗaure da igiya ta ƙirji da ta ƙugu.

“Kai ne fa ka ce ba a yi.”

“Gobe Juma'a.”

“To sai me? Ka je ka ce wa Alhaji dokinka yana jin yunwa. Yana da fili a unguwar Kotto, ciyawa har ƙugu, yana da dawa a sito.”

“In na faɗa, me zai ce?”

“Zai ce ka sayar masa. Shekara shida yana faɗa.”

“Kuma zai yi gaskiya. Ni na kafa dokar.”

Iyatu ta ce daga nan ta ci gaba da tankaɗenta, don ta san in ya yi irin wannan murya an gama magana.

Washegari ina filin lokacin da ya shigo. Mutane sun fi na kullum yawa, domin ba aiki, ba kasuwa, zaman gida ya ishi kowa. Aka ga Baba Hammadu yana tafe, Bidi na biye da shi lulluɓe tun daga wuya har gindin wutsiya. Alhaji Zailani ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ya miƙe, ya gyara babbar riga.

“Jama'a ku shaida,” in ji shi. “Shekara goma sha biyar ina yi wa bawan nan nawa karatu. Yau ya haddace.”

Aka yi dariya. Baba ya ɗaure dokin ya zauna a inda ya saba zama.

“Bafillace, ba ka gaishe da ubangidanka ba,” in ji Alhaji.

“Na ga bakinka a cike yake, na ce bari ya rage.”

Jibirilla bai yi dariya ba. Ya matso kusa ya durƙusa, ya rage murya, amma duk mun ji.

“Baba, c'est pas possible, ba zai yiwu ba. Kai ka sa na mayar wa Alhaji bargon da ya ba ni kyauta bara.”

“Bidi ya tsufa.”

“Shekararsa tara.”

“Sanyin bana daban ne.”

Alhaji Zailani ya karɓe. Ya ce ai abin da yake faɗa ke nan tun da can. Doki jini gare shi kamar mutum. Wa ya taɓa kwana ba mayafi a watan Agusta? Ka fito da asuba ka ga dabba tana karkarwa, ka ce wai gashinta ya ishe ta, wannan rashin tausayi ne aka sa masa rigar ilimi. Jibirilla ya ce karkarwar safe ba ciwo ba ce, da an ba shi abinci take wucewa. Alhaji ya ce Turawan da suka koya masa karatu ma rufe nasu suke yi. Jibirilla ya ce su ƙanƙara ke sauka a kansu, mu ruwa. Ya ce gashin doki in ya tashi tsaye shi ke riƙe ɗumi, in ka danne shi da bargo ka kashe aikinsa. Duk maganganun Baba ne yake maimaitawa, yana yi yana waiwayen mai su ko zai sa baki. Baba yana kallon cikin kofinsa.

“Ɗana,” in ji Alhaji, “liman ya juya gabas, kai kana nan kana kallon yamma.”

Ya tashi ya nufi Bidi, wai zai ga irin ɗaurin da aka yi. Ya kai hannu zai ɗaga gefen bargon. Ban taɓa ganin Baba ya tashi da sauri irin na ranar ba. Ya riƙe masa hannu.

“Iska za ta shiga.”

Alhaji ya dube shi, ya dubi wuyan dokin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya saki wata 'yar dariya ya koma wurin zamansa. Bai sake tsokanarsa ba har aka tashi.

Da farko Baba yana cire bargon da zarar sun shiga gida. Ya goge dokin, ya shanya bargon a kan igiya a cikin rumfa, inda ba ya bushewa. Amma gidan Hausawa ba a rufe ƙofarsa. Masu sayen kunu suna shigowa, maƙwabta suna leƙowa aron turmi, Jibirilla kan faɗo ba sanarwa tunda ofis ɗinsu ma yawanci a rufe yake. Sau biyu Baba yana jin sallama ya ruga ya jefa bargon. Daga baya sai ya daina cirewa da rana. Daga baya kuma ya zama cirewar ma tsoronta yake ji, don ya san abin da zai gani.

Ya ce mini a mako na uku ya sa hannu ƙarƙashin bargon ya ji gashin ya dunƙule ƙulli-ƙulli, da ɗumi irin na ciwo. Ya san shi, kirci ne. Hannunsa ya san shi tun shekara talatin. Ya wanke wurin da sabulun salo, ya shafa man kaɗanya, sannan ya mayar da bargon, domin yanzu abu biyu yake ɓoyewa. Ta katangarmu muna jin Bidi yana guga bayansa da ginshiƙin rumfa. Haniniyar da yake yi in ya ji takun Baba a lungu ta daina zuwa.

Na tambaye shi daga baya me yake tunani a waɗannan kwanaki. Ya ce ba tunani yake ba, jira yake. Kullum ana cewa mako mai zuwa za a buɗe gari, motoci za su shigo. Yana ganin in ya samu buhu biyu na dawa da rana ta kwana uku, zai gyara komai ba wanda ya sani. Ya ce mutum in yana jira, ba ya ganin abin da ke gabansa.

Ranar wata Laraba da hantsi Jibirilla ya yi sallama. Baba yana zaune a kan turmi yana yayyanka ciyawa, Iyatu tana wanke ƙwarya. Bayan gaisuwa Jibirilla ya ce ya zo neman shawara ne.

“Na bi ka, Baba. Na ce tunda kai ka rufe, akwai abin da ka gani wanda ban gani ba. Alhaji ya sake ba ni bargon. Yau kwana goma sha biyu Gunya tana ciki.”

Wuƙar hannun Baba ta tsaya.

“Kana canzawa?”

“Guda ɗaya ne. Na ga kai ma ɗaya kake sa wa Bidi.”

“Kana cirewa da rana?”

“Na ga kai ba ka cirewa. Abin da ya kawo ni, tana ta guga jikinta da turke. Kuma a kafaɗarta gashin ya tattashi kamar bakin tsintsiya, in na ja sai ya fita da ɗan ɓawo. Haka yake yi da farko kafin jiki ya saba?”

Iyatu ta ajiye ƙwaryar.

“Malam, yaron nan tambayarka yake.”

“Na ji.”

“To ka ba shi amsa, ko ni in ba shi.”

Baba ya ce wa Jibirilla ya koma gida yanzu, ya cire bargon, ya wanke kafaɗar da ruwan ɗumi da sabulu, ya goge ta bushe sarai, kada ya sake sa mata komai. Jibirilla ya dubi Bidi da ke tsaye a rumfa cikin bargonsa, kansa a sunkuye.

“Amma Baba, naka fa?”

“Ka yi abin da na ce.”

“Vraiment, gaskiya ban gane ba. Wanne zan bi, bakinka ko hannunka? In sanyin bana daban ne, kada in cire ta kamu da tari.”

Ya tafi bai gamsu ba. Da yamma aka ga Gunya a ƙofar gidansu, bargon yana nan a bayanta.

Iyatu ce ta kawo wa Baba labarin. Ta ce ba ta yi masa faɗa ba. Cewa kawai ta yi, “Naka kai ka saya, ka yi yadda ka ga dama. Ta yaron nan fa, me ta yi maka?” Ta ce ranar bai ci tuwo ba.

Juma'a ta zo da ɗan sassauci, ruwan ya ɗauke tun azahar, gari ya yi fari-fari. Bayan la'asar na ji ƙofarsu ta buɗe. Baba ya fito riƙe da ragama, Bidi na biye da shi, ba komai a bayansa.

Daga lungunmu zuwa filin ba nisa, amma ranar tafiyar ta yi tsawo. Dokin yana ɗaga ƙafa da ƙyar. Ƙasusuwan ƙugunsa sun tsaya kamar a rataya jaka. Tun daga kafaɗa har tsakiyar gadon baya gashi ya zube wuri-wuri, fatar ta yi ja, wani wurin yana ruwa, ƙudaje na bi. Mata a ƙofar gidaje suka bar hira. Wani tsoho ya ce subhanallahi a hankali. Baba bai dubi kowa ba, bai kuma yi sauri ba.

Ya kai shi tsakiyar filin ya tsaya, bai ɗaure ba.

“Jibirilla, zo ka duba.”

Jibirilla ya zo.

“Wannan na sama aikin bargo ne. Wannan na ƙasa,” ya ɗora lanƙwasassun yatsunsa a kan haƙarƙarin, “aikina ne. Ba sanyi na rufe ba. Wata uku ke nan bai ƙoshi ba. Na ji kunyar ku gani. Je ka cire wa goɗiyarka.”

Jibirilla ya juya, ya kwance igiyar bargon Gunya, ya naɗe shi ya ajiye a kan benci. A kafaɗarta akwai tabo biyu, kowane bai fi tafin hannu ba.

Alhaji Zailani bai tashi daga kujerarsa ba. Ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

“Tun ranar farko na ga wuyansa,” in ji shi. “Bargo ba ya rufe wuya. Na ce bari in jira ka yi magana da kanka, kada in kunyata ka. Kai kana jin kunya, ni ina taya ka, dabba tana ruɓewa a tsakaninmu.”

Mai shayi ya rage wutar murhunsa.

“Gobe a kawo maka dawa,” in ji Alhaji. “Ba saye nake ba, kada ka ce Babarbare ya samu ƙofa.”

“Na gode. Zai ci. Amma dawa ba za ta busar da wannan ba, saura wata biyu ruwa. Kuma abin da na faɗa wa Haruna a nan wurin, ban ga dalilin da zai tsallake ni ba.”

“Haruna daban.”

“Da me?”



Kwana tara Bidi yana cin dawar Alhaji, har ya ɗan samu ƙarfin tsayuwa a mota. Jibirilla ya nemo wani direba da ya kawo albasa zai koma arewa ba kaya. Ranar Lahadi da safe aka shimfiɗa garin katako a bayan motar, aka kafa katakai biyu aka hau da shi. Baba ya aika da shi wurin ƙanensa Yusufa a Tibati, kyauta, ya ce kada a ɗora masa sirdi sai bayan ya warke, in ya warke. Ya hau ya ɗaure ragamar da kansa, ya gwada ƙullin sau biyu, ya yi wa direban bayanin shayarwa har direban ya fara duban agogo. Da motar ta tashi bai tsaya kallonta ba. Ya juya ya kama hanyar Sandaga, ya ce yau kasuwa na ci.

Gunya ta warke cikin mako uku. Bayan wata biyu direban ya dawo da saƙo daga Yusufa. Bidi ya isa da rai, bayan ya bushe, farin gashi ya fito a wuraren ciwon, amma fatar ta yi taushi, ba ya ɗaukar sirdi. Yana nan a bayan gida yana kiwo tare da jakuna. Baba ya saurara har ƙarshe.

“Yana cin dawa?”

“Yana ci.”

“To.”

Bai je ya gan shi ba. Iyatu ta ce sau biyu yana shirya jaka yana kwancewa. Bargon kuwa ta wanke shi sau uku warin bai fita ba, ta yayyanka shi tsumma.

Gardamar ba ta mutu ba. Alhaji Zailani har gobe yana rufe dokinsa. Ya ce abin da ya faru da Bidi yunwa ce ta buɗe wa ciwo ƙofa, da ƙosasshe ne da bargo bai yi masa komai ba. Jibirilla ya ce to Gunya fa, ita da ba ta taɓa kwana da yunwa ba? Alhaji ya ce ita rashin canji ne. Haka suke yi duk damina, su biyu, da dawaki biyu.

Baba yana zuwa filin kowace Juma'a. Yakan zo da wuri ya zauna a wurinsa, in an kawo dawakin ya tashi ya duba kofato, ya buɗe baki ya ga haƙora, ya sa hannu ƙarƙashin bargon dokin Alhaji ya daɗe yana lalube. In gardama ta yi zafi aka ce ya raba, ba ya cewa kowa ya yi kuskure. A daminar bara Alhaji ya matsa masa, ya ce Bafillace, yau sai ka faɗa, a rufe ko kada a rufe. Baba ya goge hannunsa a jikin riga.

“Ni dai biyu na rufe,” in ji shi. “Ka ga ko ɗaya a hannuna?”

Daga nan ya nemi a ƙara masa shayi.